Yadda Za Ka Zauna Ka Yi Aiki da Waya da Kwamfuta a Bakin Ruwa, Inda Babu NEPA Kuma Sabis Ba Ƙarfi

 Darasin yau ya ɗan fi na kullum tsawo, don haka a gyara zama.

Da yawanku kun sha ganin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: mutum zaune a bukka bakin tafki, kwamfuta a cinya, tsuntsaye na kuka, yana cewa daga nan yake aikinsa ana biyansa. Irin waɗannan masaukai Turawa ke kira eco-lodge, wato masaukin baƙi da aka gina a cikin daji ko bakin ruwa da kayan wurin, yana amfani da hasken rana maimakon janareta, yana kuma kiyaye ruwa da itatuwa da dabbobin da ya tarar. Suna da yawa a Kenya da Tanzaniya da bakin Tafkin Malawi. Mu ma a Arewa tunanin ba baƙo ba ne. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka yi madatsar ruwa ta Tiga a Kano, an kuma yi otal ɗin Rock Castle a gefenta. An yi otal a bakin ruwan Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horas da lauyoyi. A Yankari ta Jihar Bauchi kuwa har gobe baƙi na kwana a sansanin Wikki.

Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne abin da ke faruwa ranar da batir ya mutu, sabis ya ɗauke, ga kuma mai aiki yana jiran aikinsa. Ni na gani da idona, a nan ƙasar Daura, kuma na yi asara. Darasin yau shi ne lissafin da ya kamata in yi kafin in tafi.

Yadda abin ya faru

Kawuna yana noman rani a kusa da madatsar ruwa ta Sabke, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Tumatir da albasa yake yi. Yana da ɗakuna biyu na ƙasa da rumfa a cikin lambun, ya kuma daɗe yana tunanin gyara su ya riƙa saukar da baƙi: ɗalibai masu bincike, masu sha'awar kamun kifi, da 'yan birni masu son su huta kwana biyu. Da hunturu ya ce mini, "Ɗana, tunda aikinka a cikin kwamfuta yake, zo ka zauna mana ka ga ko wurin zai zaunu. In kai ka iya, baƙo ma zai iya."

Na ce, "To Kawu, ai abu ne mai sauƙi." Na ɗauki laftof, waya, fawa bank ɗaya mai 20,000mAh da wani ƙaramin faifan sola mai naɗewa, na hau babur.

A lokacin ina da aikin wani mai shago a Kano, manhajar lissafin kaya, na yi masa alkawarin ranar Juma'a. Kwana na farko lafiya lau. Kwana na biyu hazo ya sauko, rana ta zama kamar farin faranti, solar tawa ko waya ba ta iya cikawa. Kwana na uku laftof ta mutu, fawa bank ya ƙare. Ga gyaran da na yi na kwana biyu yana cikin laftof ban tura ba. Kafin in samu babur in shiga gari in yi caji in tura, Lahadi ta yi. Mutumin ya ce ya ba wani. Ban ga laifinsa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a ranar na fafe nawa.

Na koma gida na zauna da biro da takarda. Bayan mako biyu na sake komawa Sabke, na yi wata guda cur ban rasa aikin kowa ba. Ga abin da ya canza.

Mataki na 1: Daina ƙirga mAh, koma ƙirga Wh

Wannan shi ne tushen komai. Lambar mAh da ake rubutawa a jikin waya da fawa bank ba ta ishe ka lissafi ba, saboda kowace na'ura da ƙarfin wutarta. Ma'aunin da ke haɗa su duka shi ne Wh, wato wat nawa a cikin awa nawa. Ga yadda ake juyawa:

mAh × V ÷ 1000 = Wh

Waya mai batir 5,000mAh a kan 3.85V tana ɗauke da kusan 19Wh. Fawa bank mai 20,000mAh a kan 3.7V yana ɗauke da 74Wh. Amma ba duka za ka samu ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi lokacin da ake juya wutar. Abin da ke isa wayarka bai cika wuce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ba. Shi ya sa fawa bank ɗin da kake zaton zai cika wayarka sau huɗu yake tsayawa a biyu da rabi. Wannan ma in na gaskiya ne, ba irin na bakin tasha da aka cika wa yashi ba.

Batirin laftof kuwa yawanci tsakanin 40 zuwa 60Wh yake. Ka ga kenan fawa bank ɗin nan, ko da yana iya cajin laftof, sau ɗaya zai cika ta ya ƙare. Wannan lissafin na minti biyu da na yi shi tun farko, da ban tafi da hannu biyu ba.

Yanzu rubuta duk abin da za ka kunna a rana, da wat ɗinsa, da awannin da zai yi. Ga nawa:

Waya, caji ɗaya da ɗan ƙari: 25Wh
Laftof, wat 20 na awa 6: 120Wh
MiFi, wat 3 na awa 10: 30Wh
Ƙwan fitila na LED, wat 5 na awa 4: 20Wh
Ƙaramar fanka mai aiki da batir, wat 10 na awa 7: 70Wh

Jimla 265Wh. Ƙara kashi ɗaya bisa huɗu saboda wutar da ke ɓacewa a waya da caja, ya zama kusan 330Wh a rana. Wannan lambar ita ce abincin na'urorinka. Kamar yadda ba za ka shiga daji ba ka auna garin tuwo ba, haka ba za ka tafi ba ka san ta ba. Taka za ta iya bambanta da tawa, musamman in laftof ɗinka tsohuwa ce ko kana haɗa bidiyo, don waɗannan sun fi cin wuta nesa ba kusa ba.

Mataki na 2: Zaɓen sola da batir

Mu a nan Allah Ya ba mu rana. A yankin Daura, idan aka dunƙule hasken yini guda, ana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana. Amma faifan da aka rubuta wa 100W ba ya ba da 100W a gona. An auna shi ne a ɗakin gwaji a zafin digiri 25. Da zarar faifan ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru. Ga ƙura, ga asarar waya. Don haka ka yi lissafi da kashi 70:

100W × awa 5 × 0.7 = 350Wh

Ka ga faifan 100W ya biya mini buƙatar 330Wh da kyar, a rana mai kyau. Ranar hazo ba zai biya ba. Shi ya sa na ɗauki 150W, wanda ke ba da sama da 500Wh a lissafi, ya bar mini rara.

Abubuwa uku game da kafa faifan. Na farko, Daura tana wajen digiri 13 a arewacin layin da ya raba duniya biyu, don haka ka fuskantar da faifan kudu, ka ɗan karkata shi kamar digiri 13 zuwa 15. Na biyu, kada inuwar ko reshe ɗaya ta faɗa masa, domin inuwa a kan ɗan ɓangare tana iya karya ƙarfin faifan gaba ɗaya. Na uku, da hunturu ka goge shi kullum da sassafe da tsumma mai laushi da ruwa, kafin ya yi zafi. Ni na mai da shi aikina na bayan sallar asuba.

Batir kuma iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, irin wanda muka saba gani a gidaje da shagunan caji. Mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh a rubuce, amma rabi kawai ya kamata ka riƙa sha, wato 600Wh. In kana tatse shi har ƙasa kullum, ba zai yi maka shekara ba. Akwai kuma na litiyom da ake kira LiFePO4. Ya fi tsada, amma ya fi sauƙin ɗauka a babur, za ka iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, kuma yana jure caji sau dubbai. Mai 12.8V 50Ah yana ɗauke da 640Wh, kusan daidai da abin da babban na dalma zai ba ka. Ka nemi batirin da zai riƙe ka kusan kwana biyu ba rana.

Kada ka taɓa haɗa faifai kai tsaye da batir. Dole a sa kwantirola a tsakani. Akwai PWM mai araha, akwai MPPT mai tsada wadda ta fi tatso wuta daga faifan. A ƙaramin tsari irin wannan PWM ma tana yi, amma ka tabbata ta dace da irin batirinka, ka kuma sa fiyus kusa da kan batirin.

Shawara ta ƙarshe a nan: in za ka iya, ka guji inbata. Tana ɗaga wutar batir zuwa irin ta gida, sannan cajarka ta sake sauke ta, kowane juyi da asararsa, kuma ko ba ka jona komai ba tana shan wuta. In laftof ɗinka tana caji ta USB-C, nemi caja irin ta mota mai PD ka jona ta kai tsaye a batir.

Mataki na 3: Farautar sabis

Sandunan nan huɗu da ke saman wayarka ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. Lambar gaskiya tana cikin Settings, ka shiga About phone, sannan Status ko SIM status, ka duba Signal strength. Za ka ga lamba da alamar ragi a gabanta, da dBm a bayanta. A kan 4G:

-80 zuwa -90: sabis mai kyau
-100: za a yi aiki
-110: da kyar, saƙo zai tafi amma kiran bidiyo sai a hankali
-120: kusan babu

Ka lura, duk sanda lambar ta matso kusa da sifili, sabis ya fi ƙarfi. Akwai manhajoji irin su Network Cell Info Lite da Opensignal da ke nuna wannan a fili.

Ranar da na koma, na buɗe wannan shafin na zagaye lambun a ƙafa ina rubutawa. A cikin ɗakin ƙasa -118. A bakin rumfa -109. A kan wani ɗan tudu da ke kallon ruwa -98. Dalili shi ne sigina yana son fili. Katangar ƙasa mai kauri, rufin kwano da itatuwa masu duhu suna tare shi, saman ruwa kuwa ba abin da ke tsaye. Sai na sami dogon gora na ɗaure MiFi a samansa cikin robar da na huda wa ƙasa don iska, na jawo masa doguwar wayar caji. Ni ina cikin inuwa, shi yana sama, Wi-Fi yana sauko mini. Wani dattijo masunci da ya ga ina ɗaura shi ya tsaya ya ce, "Yaro, mu kifi muke kamawa a ƙasa, kai kuma naka a sama yake?" Na ce, "Baba, haka ne, kuma nawa ya fi naku wayo."

Ga wasu abubuwan da za ka kiyaye:

Tafi da layi aƙalla biyu na kamfanoni daban. Kafin ka tafi, tambayi mutanen wurin wane layi ne ke kamawa. Sun fi kowace taswira sani.

Idan za ka sayi MiFi, duba ko yana ɗaukar ƙananan zango irin su 700 da 800MHz, waɗanda ake rubutawa Band 28 da Band 20. Ƙaramin zango ya fi tafiya nesa, shi ya sa ya fi amfani a karkara fiye da 1800 ko 2600MHz.

Waya tana shan batir sosai idan sabis ba ƙarfi, saboda tana ƙara ƙarfin kiran da take yi wa turken sadarwa. In ba ka amfani da ita, ko da dare, sa ta a Airplane mode.

Wannan kuma namu ne na 'yan kan iyaka. Mai'aduwa, Zango da Baure duk suna maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, ga Kongolam nan kusa. Wayarka tana iya tsallakawa ta kama layin Nijar kana zaune a Najeriya, kuɗinka ya riƙa tafiya da farashin ƙasar waje. Shiga Mobile network ka kashe Data roaming, sannan a Network operators ka cire zaɓin kai tsaye ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Wani zai ce, ina Starlink? Gaskiya ne ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, mu ne ma ƙasar farko a Afirka, kuma ba ruwanta da turken sadarwa, sararin sama kawai take so. Amma koma kan lissafinmu. Babban farantin yana cin wat 50 zuwa 100. Ko a wat 75 ka kunna shi awa 6, ya sha 450Wh, ya fi duk sauran kayanka a haɗe. Ƙaramin da ake kira Mini yana cin kamar wat 25 zuwa 40. Ga kuɗin na'ura, ga na wata. Ga masaukin da ke da baƙi masu biya tana iya fitar da kanta. Ga mutum ɗaya mai fara neman na kansa, gora da MiFi sun fi.

Mataki na 4: Tsara aikinka kamar babu intanet

Wannan shi ne darasin da ya fi canza ni a matsayina na mai rubuta manhaja. A gari mun saba komai sai mun tambayi Google. A bakin ruwa sai ka ɗauka intanet baƙo ne, yana zuwa yana tafiya, kai kuma aikinka ba ya tsayawa.

Kafin ka bar gari, sauke waɗannan:

Taswirar yankin a Google Maps ta hanyar Offline maps, ko ka sa Organic Maps. GPS ba ya buƙatar data, da tauraron ɗan'adam yake magana kai tsaye. Taswirar ce kawai ke buƙatar saukewa.

Littattafan bayanin yaren da kake rubutu da shi. DevDocs yana ba ka damar ajiye su a burauza, Zeal kuma manhaja ce ta kwamfuta mai yin haka.

Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a waya, har da ta Hausa.

Duk wasu kayan haɗin da aikinka ke buƙata. Kashe Wi-Fi tun kana gida ka gwada ko aikin zai tashi. In ya ƙi, gara ka gane a gida.

Ga masu koyo da waya kawai, ba a bar ku a baya ba. Termux, Acode da Pydroid 3 duk suna aiki ba tare da intanet ba bayan an girka su, kuma waya da ƙaramin kibod na Bluetooth ba su cin ko kashi ɗaya bisa biyar na wutar laftof.

Sai Git. Wanda bai fara koyonsa ba ya fara yau. An gina shi ne yadda duk tarihin aikinka yake cikin na'urarka, kana yin commit ba tare da intanet ba, sannan ka yi push in sabis ya zo. Gyaran rubutun manhaja na yini guda sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ko a sabis mai rauni zai wuce. Abin da ya kashe ni a zuwan farko ba rashin Git ba ne, jinkiri ne, ina cewa bari in gama duka tukuna. Yanzu dokata ita ce duk sanda na ga sabis, in tura abin da ke hannu ko bai ƙare ba. Ina kuma kwafe aikin a filasha kowane dare.

Tsare datarka. A waya kunna Data Saver, ka hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, ka hana Play Store sabunta manhajoji. A Windows, shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection, in ba haka ba sabuntawa ɗaya za ta cinye datar mako.

Maganar kuɗi da shiga asusu: lambar sirrin da ake turowa ta SMS tana iya makalewa har lokacinta ya wuce. Inda aka ba da zaɓi, koma amfani da Google Authenticator ko makamancinta, domin tana fitar da lamba ko ba sabis. Haddace lambar USSD ta bankinka, don tana aiki ko a 2G. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, mai kifi da mai babur ba kullum suke karɓar tiransifa ba.

Na ƙarshe, gaya wa mai aikinka gaskiya. Ni nakan ce, "Alhaji, ina wurin da sabis ke wahala. Ina duba saƙo ƙarfe takwas na safe da biyar na yamma." Sannan in ƙara kwana biyu a kan duk ranar da na san zan iya gamawa. Ba wanda ya taɓa jin haushin haka. Shiru ne ke ɓata ciniki.

Mataki na 5: Kare na'urorinka daga zafi, ƙura da ruwa

Kamfanonin waya irin su Apple sun ce an yi wayoyinsu su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Mu kuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Daura yana haura 40. Zafi shi ne babban maƙiyin batirin litiyom. Kada ka yi caji a cikin rana, kada ka bar waya a kan faifan sola ko ƙarƙashin matashi, ka cire mata riga in tana caji. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano sanyi, a nan nake ajiye batir da kwantirola, a kan katako. Ni nakan yi aiki mai nauyi daga hantsi zuwa azahar, lokacin da sola ke kawo wuta kai tsaye, in rufe laftof in rana ta take, in dawo bayan la'asar. In ka ga batir ya kumbura, daina amfani da shi nan take, kada ka huda shi.

Ƙurar hunturu tana toshe fankar laftof da ramin caji. Rufe laftof a jaka in ba ka aiki, ka tafi da ɗan burushi mai laushi.

Game da ruwa, IP67 na nufin waya za ta iya jure zurfin mita ɗaya na minti 30, a ruwa mai tsabta, tana sabuwa. Wayar da aka taɓa buɗewa wajen gyara kada ka dogara da wannan. In za ka shiga kwalekwale, sa ta a jakar roba mai zif ka rataya a wuya. In ta faɗa ruwa, kashe ta, cire layi, goge ta, bar ta a inuwa mai iska kwana ɗaya zuwa biyu, kuma kada ka jona caji. Zancen binne ta a shinkafa ba ya ƙara komai, ƙurar shinkafar ma tana iya shiga ramukanta.

Mataki na 6: Kai kanka, da mutanen wurin, da ruwan

Na'ura ba ta aiki in mai ita yana kwance. Bakin ruwa gidan sauro ne, tafi da gidan sauro mai magani. Kada kyan ruwan ya ruɗe ka ka faɗa wanka. Ruwan da ke kwance irin na madatsa yana iya ɗauke da tsargiya, cutar da ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini. Ruwan sha kuma a tafasa shi. Da dare ka riƙe tocila ta daban saboda maciji da kunama, kada ka ƙarar da batirin waya a haska hanya.

Kafin ka zaɓi wuri, yi tambaya a kan tsaro, domin kowa ya san halin da wasu sassan Jihar Katsina suke ciki. Bar wa wani a gida ainihin inda kake. A Google Maps, in ka danna wuri ka riƙe, zai ba ka lambobin wurin, tura masa. Kada kuma ka riƙa ɗora hotunan inda kake kwana da kayan da ke hannunka kana can. Bari sai ka dawo.

Da ka isa, je ka gaida mai unguwa da shugaban masunta, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Baƙon da ke yawo da na'ura yana ɗaga ta sama, in bai gabatar da kansa ba, dole a yi masa wani zato. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, musamman mata masu ɗiban ruwa. In kana da rarar wuta da rana, bar maƙwabta su yi caji. Ni wannan ya sa ban taɓa rasa mai kula mini da kaya ba in na shiga gari.

Ruwan kuma amana ne. Mutane na sha, dabbobi na sha, ana ban-ruwa da shi. Mataccen batirin dalma guba ne, kada ka zubar da ruwansa a ƙasa, dawo da shi gari wajen masu sayen tsofaffi. Ledar ruwa da robobi ka tara ka fito da su. Wannan shi ne ainihin abin da ya raba masaukin kare muhalli da ɗakin haya kawai. Baƙon da zai biya kuɗi ya zo, don shirun wurin da balbela da zalɓe da agwagin ruwa yake zuwa. Ranar da aka tayar da janareta aka cika gaɓa da leda, abin da ake sayarwa ya tafi. In kana son sanin sunayen tsuntsayen, sa Merlin Bird ID ka sauke kunshin yankinmu tun a gari. Da hunturu wasunsu daga Turai suke tasowa su tsallako Sahara, irin waɗanda ke cika fadamun Hadeja da Nguru.

Abin da na gaya wa Kawu

Da wata ya cika, Kawu ya tambaye ni, "To ɗana, ya zaunu?" Na ce ya zaunu, amma kafin ya sayi katifa ko fenti, ya fara da abu uku: sola da aka yi wa lissafi, gora mai MiFi a kan tudun nan, da wurin zuba shara. Na kuma rubuta masa ƙaramar manhaja a waya da ke ajiye lissafin lambu a cikin wayar kanta, sai in sabis ya zo ta tura kwafi.

A nan ne nake ganin damar matasanmu. Ga Sabke, ga Daberam tsakanin Daura da Dutsi, ga Ajiwa kusa da Katsina, ga tafkin Madarunfa a wajen Maraɗi. Duk wanda zai buɗe masauki ko gona ta zamani a irin waɗannan wurare yana buƙatar wanda ya iya auna sola, ya iya nemo sabis, ya iya sa wurin a taswira, ya iya riƙe lissafin baƙi da kuɗi a waya. Ba digiri ake tambaya ba. Ni ma daga sakandare na tsaya, sauran a waya na koya.

Aikin gida

Kafin darasi na gaba, yi waɗannan ukun ko kana tsakiyar gari. Ɗaya, duba mAh na wayarka da fawa bank ɗinka ka juya su zuwa Wh. Biyu, buɗe SIM status ka zagaye gidanku ka gano inda lambar dBm ta fi kyau. Uku, zaɓi yini ɗaya ka kashe data tun safe, ka kunna sau biyu kawai na minti goma sha biyar, ka rubuta duk abin da ya tsaya maka. Abin da ka rubuta ɗin nan shi ne jerin abubuwan da za ka sauke kafin ka hau babur.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu ɗauki Git daga farko a kan wayar Android. Allah Ya ba mu sa'a.